Sauro, Ajali da Igiyar Raƙumi

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Jos cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da damina ta yi nisa, kwatocin Gangare da Anguwar Rogo suka cika suka batse, ya san kalmomin da ake yi wa uban da ya rasa ɗa. Ana shigowa ana durƙusawa: ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa mai ceto ne. In wani ya tambayi abin da ya sami yaron, sai a ce ɗan zazzaɓi ne na kwana uku, jiki ya ɗau zafi, cikin dare ya shiga jijjiga, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga nan sai wani dattijo ya rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. A Tudun Wada ko Kabong, a gidajen Kirista, lafazin kan ɗan sauya, a ce nufin Ubangiji ne, amma ma'anar ɗaya ce.

Dattijon bai faɗi ƙarya ba, kuma ya faɗi maganar a muhallinta. Tabarmar makoki wurin rarrashi ce, wanda duk ya tsaya a kanta yana tuhumar uwa don me ba ta rataya gidan sauro ba, rashin hankali ya nuna. Sai dai akwai tambayar da ke nan tana jira bayan an naɗe tabarmar. Idan kwanan yaro a rubuce yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, to mene ne amfanin mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaga cikin sauro a ƙarƙashin madubin bincike? In kuwa aikin nasa na hana mutuwa da gaske, me kalmar ajali take nufi ke nan? Wannan tambaya tsohuwa ce, malamai sun sha tafka muhawara a kanta. Jihar Filato tana da labarin da ya isa a auna ta da shi.

An daɗe ana yi wa Jos kallon garin da sauro bai dame shi ba. Garin na zaune a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinsa ne ya sa Turawan mishan suka riƙa hawowa hutu daga zafin ƙasashen da ke ƙasa. Akwai gaskiya a zancen, domin sanyi na rage wa ƙwayar cutar saurin girma a cikin sauro. Amma ragewa ce kawai. Ga ramukan da haƙar kuza ta bari daga Bukuru zuwa Barkin Ladi, ga lambunan rani a bakin rafin Dilimi, ga kwalbati da tsofaffin tayoyi a kowace unguwa. Ban da haka, jihar ba duka tudu ba ce. Da an gangara Kanke, Langtang ko Shendam an shiga ƙasar zafi sosai.

A ƙarshen daminar 1969 tudun ya ga abin da sauro zai iya. Zazzaɓin shawara ya ɓarke, asibitocin mishan suka cika da masu rawayar ido da aman jini, kuma daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa waɗanda suka kamu za su iya kaiwa 100,000. Wani masanin ƙwari mai suna Vernon Lee ya zo daga ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Ibadan tare da abokan aikinsa. Hanyar kamun da suka bi tana da ban tsoro: mutum ya zauna da yamma ƙafa a buɗe, sauro ya sauka a kansa a kama shi. Da haka suka nuna cewa babban mai yaɗa annobar wani jinsi ne na sauron daji da ake kira Aedes luteocephalus. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne, allurar riga-kafin shawara ta riga ta samu tun 1937, a hannun Max Theiler, kuma an gina ta ne a kan binciken da aka fara a Afirka ta Yamma, har wani likita mai suna Adrian Stokes ya rasa ransa a kansa a Legas a 1927. Shekara talatin da biyu ke nan maganin na duniya, bai iso hannun yaran Filato ba. Waɗanda suka mutu a 1969 da ajalinsu suka mutu, babu mai imanin da zai musa. Amma allurar da ba a kawo ba, mutane ne ba su kawo ta ba.

Musulunci bai bar wannan batu a duhu ba. Wajen shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai aka tare shi da labarin annoba, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ra'ayi ya rabu, daga bisani ya yanke hukuncin juyawa Madina. Abu Ubaida bin Jarrah ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu. Amsar Umar, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, ita ce juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma ba mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Sai ga Abdurrahman bin Auf ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana fita daga cikinsa.

Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa a Sham, annobar ta ɗauke shi, ta ɗauki Mu'azu bin Jabal. Umar ya koma Madina. Ba wanda ya taɓa cewa imanin Umar ya gaza na Abu Ubaida don ya juya.

Haka hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ko ɗan makarantar allo ya san shi, na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk ɗawainiyar mulki da yaƙi, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. A ɓangaren Kirista ma haka abin yake. A Littafin Sarakuna na Biyu, Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, ya yi addu'a da kuka, aka yi masa albishir da ƙarin kwana, amma duk da haka Annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora masa a kan marurun. Luka, marubucin ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. A garin da hedikwatar COCIN da ta ECWA suke, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, babu ƙarancin masu iya karanta waɗannan wurare. Ƙarancin yana wajen haɗa karatun da abin da ke kuka a kunne cikin dare.

Shi kansa sauron, Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, inda aka mayar da martani ga masu raina a buga misali da ƙaramar halitta. Masu ƙissoshin annabawa kuma sun ba da labarin Lamarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, suka ce sauro ne ya shiga hancinsa ya zama ajalinsa. An saba kawo waɗannan don a nuna ƙasƙancin mai girman kai, kuma daidai ne. Amma akwai wani darasi da ake tsallakewa. Halittar da Mahalicci bai raina ambatonta ba, bawa ba shi da hujjar raina nazarinta. Jinsunan sauro sun haura 3,500, 'yan kaɗan ne daga cikinsu ke ɗaukar zazzaɓi, kuma mace ce kaɗai ke cizo, don tana buƙatar jini ta nunar da ƙwanta. Duk wannan sai da wani ya zauna ya duba aka sani.

Cutar da ta fara tona asirin sauro ba zazzaɓi ba ce. Tundurmi ne.

Bahaushe ya san tundurmi tun kaka da kakanni: ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, fata ta yi kauri ta tsattsage, mai ita ya riƙa fama da zazzaɓi da raɗaɗi lokaci zuwa lokaci. Ɗan'uwansa gwaiwa ce, wadda maza ke ɓoyewa cikin babbar riga har tsufa. A ƙauyuka da yawa, in mutum ya wayi gari da irin wannan ƙafa sai a ce ya taka sammu, ko kishiya ce, ko wani abokin gaba a kan gona. An raba aure a kan haka, an ɓata zumunci, an ƙarar da dukiya wajen boka. A 1877, a garin Amoy na ƙasar Sin, wani likita ɗan Sikotilan mai suna Patrick Manson ya sa mai kula da lambunsa, wanda ke da tsutsar cutar a jini, ya kwana a ɗakin da sauro ke cizonsa, sannan ya riƙa kama sauron yana tsagawa. Ya ga tsutsar tana girma a jikin sauron. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa ƙwaro mai shan jini na renon cutar ɗan Adam. Manson ne kuma ya ƙarfafa wa Ronald Ross guiwa, har ranar 20 ga Agusta, 1897, a Secunderabad ta Indiya, Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi a bangon cikin sauro. Abin da Ross ya yi bayan ganin nan shi ne rubuta waƙar godiya ga Allah. Bai ɗauka cewa ya ƙwace wani abu daga hannun Ubangiji ba, gani ya yi an ba shi.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan Manson, aikin ya iso Jos. A 1997 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin kawar da tundurmi, daga bisani kamfanonin Merck da SmithKline Beecham suka yi alkawarin ba da magungunan kyauta. A Najeriya, jihohin Filato da Nasarawa aka fara da su, ƙarƙashin ma'aikatun lafiya tare da Cibiyar Carter, wadda babban ofishinta na ƙasa ke nan Jos. Dokta Emmanuel Miri ne ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar ofishin, Dokta Abel Eigege na kula da aikin jihohin biyu, Dokta Frank Richards kuma daga Atlanta ta Amurka. Dabarar mai sauƙin faɗi ce: sau ɗaya a shekara kowa a gari ya haɗiyi Mectizan da albendazole, mai ciwo da mai lafiya, in ban da ƙananan yara da masu juna biyu da marasa lafiya sosai. Magungunan na kashe 'ya'yan tsutsar da ke yawo a jini, don haka in sauro ya ciji mutum ba ya samun abin ɗauka. Uwar tsutsar kan rayu shekara shida zuwa takwas a jiki, sai a yi ta maimaitawa har ta mutu don kanta.

Wuyar tana wajen yi. An fara a 2000, zuwa 2003 an game ƙananan hukumomi talatin na jihohin biyu. Masu rabon maganin 'yan sa-kai ne da ƙauyuka suka zaɓa daga cikinsu, manomi ko malamin firamare ko matar aure, riƙe da littafin suna da wata sanda mai alamomi da ake auna tsawon mutum a san ƙwaya nawa zai sha. Kuma a lura da shekarun. Tsakanin 2000 da 2012 ne Jos ta ga rikicin 2001, ta ga na 2008, ta ga na 2010, aka raba unguwanni, aka daina shiga wasu tituna. Cikin wannan hali maganin bai daina zagawa ba, a ƙauyukan Kirista da na Musulmi da na masu addinin gargajiya, sanda ɗaya ake auna kowa da ita.

Ta yaya za a san ana cin nasara? A nan masu binciken suka yi aikin da ba a gani. Sun ware ƙauyuka goma na sa-ido, irin su Seri a Ƙaramar Hukumar Kanke. 'Ya'yan tsutsar ba sa fitowa cikin jinin fata sai dare ya yi tsaka, daidai lokacin da sauro ke farauta, saboda haka sai ma'aikata su bi mutane da fitila wajen ƙarfe goma na dare zuwa sama su ɗiga jinin yatsa. Da sassafe kuma su shiga ɗakunan kwana, su shimfiɗa farin ƙyalle, su yi feshi, su tsince sauron da ya zubo ɗaya bayan ɗaya. Kowanne a ɗora shi a kan gilashi, a raba kai da ƙirji da ciki da tsinin allura, a duba. Dubban sauro aka yi wa haka, shekara bayan shekara. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane da jikin sauro, amma a kusan rabin ƙauyukan goma ba ta yanke ba. Sun faɗi hakan ƙarara, ba su ƙawata ba.

Abin da ya ƙarasa aikin wani sani ne da binciken ya tabbatar: a karkarar Najeriya, sauron da ke yaɗa tundurmi shi ne dai Anopheles mai yaɗa zazzaɓi. Ashe gidan sauro ɗaya zai tare cuta biyu. Tun 2004 suka gwada ba wa masu rabon magani gidajen sauro masu magani su raba wa masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kanke da Akwanga, fiye da 38,000, kuma aka ga hanyar na aiki. Wajen 2010, lokacin babban rabon ƙasa na gidan sauro biyu ga kowane gida, aka mamaye jihohin. Da suka koma tsaga sauro bayan haka, ragowar cutar ta ƙara faɗuwa. Aka dakatar da rabon magani a 2012, aka bi 'yan makarantar firamare ana gwada jininsu na wasu shekaru don a ga ko za ta dawo. A Oktoban 2017 aka sanar cewa Filato da Nasarawa sun zama jihohin farko a Najeriya da suka kawar da tundurmi a matsayin matsalar lafiyar jama'a.

Waɗanda ƙafarsu ta riga ta kumbura ba su warke ba, sai dai koyon wanke ƙafa da sabulu da kula da ita don rage raɗaɗi. Masu gwaiwa kuwa an yi wa da yawa tiyata. Amma yaron da aka haifa a Seri bayan wannan aiki zai girma da ƙafafunsa biyu daidai. Shin an canja masa ƙaddara ne? A'a. An rubuta masa lafiyar ƙafa, an kuma rubuta cewa za ta zo ta hannun wani da ya tashi da asuba ya tsinci sauro a kan farin ƙyalle, da wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, da ya ɗebi ƙasa a kusa da wani filin wasa ya samo ƙwayar halittar da aka yi Mectizan daga gare ta, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2015 tare da William Campbell. Sababin yana cikin rubutun. Wannan shi ne gefen kwari mai ciyawa da Umar ya yi magana a kai. Kuma akwai ribar da ba ta shiga lissafin likitoci: kishiyoyi da maƙwabta nawa aka wanke daga zargin sammu, da aka gane mai laifin ƙwaro ne? Ilimin da ya hana mutum zaluntar ɗan'uwansa da mummunan zato ya yi wa addini aiki.

Mai karatu zai iya cewa an zaɓo labari mai daɗi ne. To ga mai ɗaci, kuma a ƙasar Hausa ya faru.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike a gundumar Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yau Jigawa. Tambayar ita ce ko za a iya yanke zazzaɓin cizon sauro a irin wannan ƙasa in aka zuba kuɗi da ƙwararru. An feshe ɗakuna da maganin propoxur, an raba wa ƙauyuka magani akai-akai, an ƙirga sauro, an gwada jinin dubban mutane. A wasu ƙauyukan an tarar mutum ɗaya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau ɗari a shekara. Cutar ta faɗi warwas muddin ana aikin, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuwa ta koma inda take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, feshi bai same shi ba. Kafin wannan ma, a tsakiyar shekarun 1950, a yankin Birnin Kebbi aka ga sauro ya daina jin maganin dieldrin. Daga baya ƙwayar cutar ta daina jin kulorakwin, har Najeriya ta sauya zuwa magungunan artemisinin a 2005, waɗanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samo daga wani tsiro dangin tazargade.

Me ya sa tundurmi ya sallama, zazzaɓi ya ƙi? Tsutsar tundurmi ba ta hayayyafa a cikin sauro, sai mutum ya sha cizo mai yawan gaske kafin ta kama shi. Ƙwayar zazzaɓi kuwa ninkuwa take yi dubbai a cikin sauro ɗaya, cizo ɗaya ya wadatar.

Garki ce ke nuna inda tawakkali yake zaune da gaske. Mutanen nan sun ɗaure raƙumin da duk igiyar da zamaninsu ya mallaka, ya kuma tsinke. Wanda ya ɗauki kimiyya a matsayin abin bauta, a irin wannan wuri yake karaya, ko ya ɓoye sakamako. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia ba su yi haka ba. A 1980 suka wallafa abin da suka gani dalla-dalla, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar cuta na komawa ga alƙaluman Garki. Malaman tauhidi sun daɗe da cewa riƙon sababi wajibi ne, dogara da shi kuwa ɓata ne: bawa ya yi aikin, zuciyarsa na wurin Mai sakamakon. Wanda ya fahimci haka shi ne zai iya faɗuwa a Garki ya tashi ya sake gwadawa a Kanke. Tawakkali ba ya rage wa mai bincike komai, hana shi yanke ƙauna yake yi. Abin da mutane da yawa ke kira tawakkali, wato a saki raƙumi a kwanta, malamai suna da wani suna dabam da suke kiransa da shi, kuma ba yabo ba ne.

Ga inda aka kai. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, mutum miliyan 249 suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, 608,000 suka mutu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka. Najeriya kaɗai ta ɗauki kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da kashi 31 na mamatan. Kusan ɗaya cikin kowane uku ke nan. Babu wanda zai ce Allah Ya fi son ɗaukar yaran Najeriya a kan na Aljeriya, ƙasar da Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar a 1880, wadda kuma aka ba ta shaidar rabuwa da zazzaɓin a 2019. Bambancin yanayi na nan, gaskiya ne, Garki ta koya mana kada mu raina shi. Amma yanayi bai hana a kai yaro gwaji ranar da jikinsa ya fara zafi ba.

Kuma kada a ɗora wa uwa laifin duka. Gaskiya ne ana ganin gidan sauro a shingen lambu da akurkin kaji, gaskiya ne ana zuwa kemis a sayi rabin magani a daina sha da zarar jiki ya yi sanyi. Amma matar da ta kai ɗanta asibitin unguwa ta tarar babu abin gwaji, ko aka rubuta mata maganin da ya fi ƙarfin kuɗin cefanenta, ko ta sayi jabu ba ta sani ba, ita ta ɗaure nata raƙumin. Wani ne can sama ya saki nasa. Kalmar ƙaddara ta fi zama haɗari a bakin mai mulki fiye da bakin talaka, domin shi talaka rarrashin kansa yake yi da ita, mai mulki kuwa yana iya fakewa da ita. Umar da ya juya daga Sarg shugaba ne, rayukan mutane ne a wuyansa, shi ya sa bai yarda ya kira sakaci da sunan imani ba.

Filato ta riga ta ga abin da dattako ke iya yi a irin wannan fage. Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin Kanke, ya bi ƙauyuka yana roƙon mutane su tace ruwa, har aka ba Najeriya shaidar rabuwa da kurkunu a 2013. A 2009 kuma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan suka jagoranci wata haɗakar Musulmi da Kirista don yaƙar zazzaɓin cizon sauro ta bakin limamai da fastoci. A Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar riga-kafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa. Allurar ba ta kare yaro ɗari bisa ɗari, ba ta kuma maye gurbin gidan sauro, kuma lalle za a ji masu cewa a bar wa Allah. Kano ta ga abin da ƙin riga-kafi ya jawo a kan shan inna a 2003.

Saboda haka roƙon na masu mumbari ne, Juma'a da Lahadi, daga Babban Masallacin Jos zuwa ƙaramar majami'ar da ke bayan Bukuru. Kafin ruwan farko ya sauka a watan Afrilu, a ware huɗuba ɗaya a kan Umar a Sarg, ko Hezekiya da curin ɓaure, a ƙare ta da abin da kowa zai iya yi a daren: a rataya gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, mai ciki ta je awo ta karɓi maganin kariya, yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar, in an ba da magani a shanye shi duka kwana ukun. Masu unguwanni su sa a yashe kwata. Liman da fasto kuma, in sun je gaishe da shugaban ƙaramar hukuma, su tambaye shi ko akwai abin gwaji da magani a asibitin unguwarsu.